Kalmar "Borin Jini" Ta Yi Wa Wannan Ciwo Kaɗan

Masu fassara bayanan lafiya sun saba kiran duk wani rashin jituwar jiki da magani "borin jini". Kalmar ta dace da ƙaiƙayi da rauni-raunin da kan taso nan take, su kwanta kafin gari ya waye. Sai dai akwai ciwon da likitoci suka laƙaba wa suna DRESS a 1996, wanda wannan kalma ke rufe haɗarinsa.

Ciwon ba ya zuwa da gaggawa. Yaro mai farfaɗiya zai fara shan fenobabiton ko kabamazafin, ko a ba shi Septrin, ya yi mako biyu zuwa takwas lafiya ƙalau. Daga nan zazzaɓi ya rufe shi, fuska ta kumbura, kaluluwa ta fito, ƙuraje su bazu, wani lokaci hanta ko ƙoda ta taɓu. Uwar da ta ga haka ƙyanda za ta ce, kuma ba laifinta ba ne, domin ba ta da dalilin zargin maganin da ɗanta ya yi wata guda yana sha. Sai ta ci gaba da ba shi, alhali dakatar da shi bisa shawarar likita, a sauya wani, shi ne matakin farko na ceto. Littattafan Turai suna siffanta ƙurajen da ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka fassarar "jajayen ƙuraje" ɓatarwa ce.

Abin da ya fi wuyar faɗa da Hausa shi ne rawar da bairos ke takawa. HHV-6, wanda aka gano a 1986, yana shiga jikin kusan kowane yaro kafin ya cika shekara uku, sannan ya laɓe har iya rayuwa. Likitocin Faransa da Japan sun nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa yakan farka mako biyu zuwa uku bayan fitowar ƙurajen, har Japanawa suka sa farkawarsa cikin sharuɗɗan tantance ciwon. Inda ya farka, jinya takan yi tsawo, zazzaɓi da ciwon hanta su dawo bayan an daina maganin. Ɗan'uwansa CMV ya fi muni, don yakan kawo gyambon hanji da ciwon huhu. Ko bayan sallama, wasu majinyatan sukan gamu da ciwon sukari ko matsalar tayirod watanni daga baya.

Duka biyun 'yan dangin hapis ne, kuma a nan harshe ke iya yin ɓarna. Wanda ya taɓa jin sunan, galibi a matsayin ciwon sanyi ya ji shi. A gaya wa uba an sami hapis a jinin 'yarsa mai shekara huɗu, wace fassara zai yi wa matarsa? Ƙarambau ma ɗan wannan dangi ne, kuma ba wanda ke jin kunyarsa. Da masu ƙirƙirar kalmomi a sassan Hausa na jami'o'i za su zauna da likitocin yara, "dangin ƙarambau" ya isa zama mafari. "Kamuwa" kuwa ba ta dace ba, tunda yaron bai ɗauko komai daga kowa ba a wannan karo. "Farkawar ƙwayar da ke kwance" ta fi kusa da abin da gwajin jini ke nunawa.