Sharhi: Maganin Maiƙon Jini da Halin Aljihu



Tun da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, masu shan maganin rage maiƙon jini, wato kwalastaral, suka shiga wani hali. Magani ne na kullum, galibi har iyakar rai, kuma ciwon ba ya zafi balle ya tuna wa mutum. Shi ya sa in kuɗin cefane ya gaza, shi ake fara ajiyewa. Wani ya sha yau ya tsallake gobe, wani ya daina gaba ɗaya bai gaya wa kowa ba. Maiƙon kuwa yana nan yana taruwa a jijiyoyi, har ranar da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki zai yi sallama.

Neman mai araha ba abin kunya ba ne. Ko a Ingila, hukumar lafiya ta taɓa ƙarfafa wa likitoci su mayar da marasa lafiya daga atorvastatin zuwa simvastatin don rage kashe kuɗi. Shi kansa Lipitor na kamfanin Pfizer, ainihin sunansa atorvastatin, tun 2011 wa'adin mallakarsa ya ƙare a Amurka, yanzu kamfanoni da yawa ke yin sa, har da na Indiya. In an rubuta maka atorvastatin miligiram 20, ka sayi na kamfanin da aljihunka zai iya, muddin akwai lambar NAFDAC a kwali, kuma a kantin magani mai rajista ne.

Inda ake tuntuɓe shi ne a gaban kemis, lokacin da yaron shago ya juya takardar likita ya ce, "Alhaji, wannan ya yi tsada, ga ɗan'uwansa, duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Miligiram 20 na simvastatin bai kai ƙarfin miligiram 20 na atorvastatin ba, sai an kai wajen 40 kafin a yi kusa. Rosuvastatin kuma ya fi su duka ƙarfi. Sai mutum ya ga lamba iri ɗaya a kwali, ya ɗauka ya ci riba, alhali an rage masa kariya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu hawan jini, kuma suna da yawa cikinmu. Wanda ke shan maganin hawan jini na amlodipine bai kamata ya wuce miligiram 20 na simvastatin a rana ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi wannan gargaɗi tun 2011. Haɗa simvastatin da maganin kashe ƙwayoyin cuta na clarithromycin kuwa an hana shi kwata-kwata. Haɗin kan sa maganin ya taru a jiki ya lalata tsoka, har ya taɓa ƙoda. Duk wanda aka sauya wa magani ya ji tsokar jikinsa na ciwo ba dalili, ko ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, ya garzaya asibiti ranar nan.

Likitocinmu ma ina roƙonsu. Dattijo ba zai buɗe baki ya ce ba shi da kuɗi ba, sai ya karɓi takarda ya yi godiya ya tafi. Ku tambaye shi ko zai iya saye duk wata, ku rubuta ainihin sunan maganin maimakon sunan kamfani, in kun sauya masa kuma ku sa shi ya dawo gwajin jini bayan wata ɗaya zuwa uku.