Ciwon Da Gashi Ke Yi Wa Sheƙa

Zancenmu na wannan mako a kan wani ciwo ne wanda kunya ke hana samari faɗinsa. Amma ku sani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani abokin aikina, akawu, ya shekara biyu yana zama a kaikaice bisa kujera. Ƙurji ne ke fito masa can ƙarshen gadon baya, daidai inda tsagin ɗuwawu ya soma. Sau uku wanzami na yi masa sakiya, sau uku abin na komowa. Da ya je asibiti, likita ya nuna masa wannan ba maruru ba ne, ba kuwa basir ba. Karyayyen gashi ne ke huda fata ya shige, ya yi rami daga ƙarƙashi, ramin ya riƙa tara mugunya.

Likita Hodges na Amurka shi ya raɗa wa ciwon suna a 1880, da kalmomin Latin biyu masu ma'anar sheƙar gashi. Ya fi kama samari masu yawan gashi da masu dogon zama, irin su direbobi da mu akawuna. A Yaƙin Duniya na Biyu ya kwantar da sojan Amurka kusan 80,000 a asibiti, har a 1944 aka yi masa laƙabi da ciwon jif, saboda motar da suke hawa.

To, ga hanyoyin da likitoci ke bi. Ta fari, in wurin ya kumbura, sai a tsaga a fid da mugunya. Mutum ya kan sami sauƙi nan da nan, amma sau da yawa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, gama ramin yana nan.

Ta biyu, a yanke ramin duka, a bar miki a buɗe ya cika daga ƙasa. Wannan sai mai haƙuri, domin za a yi ta wanki da sake auduga, ya kan kai wata biyu ko fiye.

Ta uku, a yanke a ɗinke nan tsakiyar tsagin. Ya fi saurin warkewa, sai dai wurin akwai damshi, zama da tafiya kuwa suna jan ɗinkin, ya kan ɓalle, ciwon kuma ya fi komowa. Saboda haka likitoci da yawa sun bar ta.

Ta huɗu, a kawar da ɗinkin gefe guda, a rage zurfin tsagin, yadda gashi ba zai sami wurin maƙalewa ba. Likita Karydakis na Girka ya bayyana wannan dabara a 1973. Akwai kuma ta Limberg, inda ake juyo fata daga ɗuwawu a rufe gurbin. Waɗannan su suka fi dacewa da ciwon da ya yi rassa, ko wanda ya komo bayan aiki.

Ta biyar, ƙaramin aiki ne. Likita Bascom ya nuna a 1980 ana iya ƙwaƙule 'yan ramukan kaɗai a share ciki. A 2014 Likita Meinero na Italiya ya bayyana yadda ake zura siririn bututu mai kyamara, a kwashe gashin, a ƙone bangon ramin. Mutum ya kan koma aiki cikin 'yan kwanaki, amma ta fi kyau ga ciwon da bai yi nisa ba, kuma ya kan komo wa waɗansu.

Abokina ta huɗu aka yi masa, yanzu yana zama sosai kamar kowa. Shawarata ga mai wannan ciwo, in ya je gaban likita, ya tambayi abu uku: ina ɗinkin zai kwanta, kwana nawa zai yi bai je aiki ba, in kuma ciwon ya komo me za a yi. Bayan aiki ya riƙa wanke wurin yana tsane shi, ya kawar da gashin yadda likita ya umarta, ya riƙa tashi daga kujera yana miƙe ƙafa.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa. Haza wasalam.

Naku,
Akawu