Suka daban, zagi daban: abin da addinin Kirista ya koyar game da addinin wani

A Jamhuriyar Nijar Kirista ba su da yawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Amma suna nan a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, suna aikin gwamnati, suna koyarwa a lakwal, suna saye da sayarwa a kasuwa, kuma asibitin mishan na Galmi yana karɓar marasa lafiya tun 1950. Mutumin da ake zaune da shi unguwa ɗaya, ana ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, ya kamata a san abin da addininsa ya halatta masa da abin da ya hana shi. Tambayar da ta fi nauyi ga zaman tare ita ce: shin addinin Kirista ya yarda mabiyinsa ya soki addinin wani?

Amsar tana da kashi biyu. An yardar wa Kirista ya faɗi abin da ya gaskata, ya kuma nuna inda ya saɓa da wani addini ba tare da ɓoye-ɓoye ba. An hana shi abu uku: ƙarya a kan addinin wani, da zagi ko ba'a, da tilastawa. Wannan iyaka mai kyau ce. Ya dace a riƙe kowane mai wa'azin Kirista da ita, ya kuma dace sauran jama'a su san da ita, domin rashin saninta ya taɓa jawo asarar rayuka a ƙasar nan.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Littafin da Kirista suke bi bai koya musu yin shiru ba. An umarce su su yi shelar bishara ga dukkan al'ummai. Saboda haka ba za a nemi Kirista ya ce addinai duka ɗaya ne ba, kamar yadda ba za a nemi Musulmi ya faɗi haka ba. Inda maganar take shi ne yadda ake faɗin saɓanin.

Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa, ya yi magana mai zafi ƙwarai, amma mafi zafinta a kan shugabannin addini na mutanensa ta faɗa, wato malaman Attaura da Farisiyawa, waɗanda ya tuhuma da munafunci a babi na 23 na Linjilar Matiyu. A babi na 7 ya ba da misalin mutumin da yake hangen ɗan haki a idon ɗan'uwansa alhali gungume yana cikin nasa. Hausawa ma sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Samariyawa kuwa, waɗanda Yahudawa suke ganin ibadarsu a karkace take, ya yi musu wani irin zama dabam. Linjilar Luka ta ba da labari cewa wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da shi, almajiransa biyu suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye ƙauyen, sai ya tsawata musu. Da ya tashi ba da misalin maƙwabci nagari, Basamariye ya zaɓa. Duk da haka, a hirarsa da wata Basamariya a bakin rijiya, bai ɓoye mata cewa akwai saɓani a kan sujada ba.

Manzo Bulus ya bi wannan hanya a birnin Atina na ƙasar Girka. Littafin Ayyukan Manzanni, babi na 17, ya ce ransa ya ɓaci da ganin yawan gumakan birnin. Amma da ya tsaya gaban manyan gari, sai ya fara da shaida musu cewa su masu himmar ibada ne, ya ambaci wani bagadi da suka gina wa allahn da ba su sani ba, ya kawo hujja daga mawaƙansu, sannan ya gaya musu Allah ba siffar zinariya ko dutse ba ne. Suka ce ya yi, amma babu wulaƙanci a ciki. A birnin Afisa kuwa, lokacin da maƙeran azurfa suka tada tarzoma saboda wa'azinsa ya taɓa cinikinsu, magatakardan gari da kansa ya shaida wa taron cewa abokan Bulus ba su washe ɗakin tsafi ba, ba su kuma zagi gunkiyar garin ba. Manzo Bitrus ya ƙara da cewa mai bi ya zauna a shirye ya ba da dalilin bangaskiyarsa, amma cikin tawali'u da ladabi. Bayan waɗannan duka akwai Dokoki Goma, waɗanda suka haramta shaidar zur a kan maƙwabci. Wanda ya laƙa wa wani addini abin da mabiyansa ba su faɗa ba, shaidar zur ya yi.

Akwai masu wa'azi da suke kafa hujja da Annabi Iliya, wanda ya yi wa annabawan gunkin Ba'al ba'a a kan Dutsen Karmel. Labarin yana cikin Littafi, ba a musunsa. Sai dai Iliya da mutanensa Isra'ilawa da sarkinsu Ahab yake yi, a lokacin da suka bar alkawarin da ke tsakaninsu da Allah. Gyaran cikin gida ne. Ba za a ɗauke shi a kai unguwar maƙwabta a ce an sami lasisin zagi ba.

Abin da tarihi ya nuna

Gaskiya ɗaci gare ta: Kirista ba su riƙe wannan koyarwa a kowane zamani ba. An yi yaƙe-yaƙen da aka kira na gicciye, an kafa kotunan binciken aƙida, an tilasta wa Yahudawa da Musulmin Andalus sake addini ko barin ƙasa. A 1543 Martin Luta, jagoran Furotesta, ya rubuta littafi mai cike da zagin Yahudawa, wanda majami'un da ke bin koyarwarsa suka barranta daga gare shi a ƙarni na 20. Ranar 12 ga Maris 2000 Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya roƙi gafarar Allah a bainar jama'a saboda laifuffukan da ƴaƴan ikilisiya suka aikata, har da amfani da ƙarfi da sunan gaskiya.

A cikin wancan zamani mai duhu ma an sami masu bin wata hanya. A 1219, ana tsakiyar yaƙi, Faransis na Asisi ya ƙetare fagen daga kusa da Dimyat a ƙasar Masar, ya gana da Sarki al-Kamil, ya faɗi imaninsa, ya koma lafiya. A dokar da ya rubuta wa mabiyansa a 1221, ya umarci masu zuwa zama cikin Musulmi kada su shiga gardama da jayayya.

Babban canji a hukumance ya zo da taron bishop-bishop na Katolika da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965. Ranar 28 ga Oktoba 1965 taron ya zartar da takardar da ake kira Nostra Aetate, da ƙuri'a 2,221 a kan 88. Takardar ta bayyana cewa ikilisiya ba ta ƙin wani abu na gaskiya da tsarki da ke cikin sauran addinai, tana kuma girmama Musulmi saboda suna bauta wa Allah ɗaya, suna darajanta Isa da mahaifiyarsa Maryamu, suna salla da azumi da sadaka. Ba ta janye wajibcin shelar Almasihu ba. Haka ma da Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya yi jawabi ga dubban matasa Musulmi a Kasablanka ranar 19 ga Agusta 1985, bisa gayyatar Sarki Hasan na Biyu, ya lissafa abubuwan da aka yi tarayya a kai, sannan ya faɗi ƙarara cewa babban bambanci yana kan matsayin Yesu. Wannan ya isa amsa ga masu cewa ladabi munafunci ne. Ana iya faɗin bambanci dukansa ba a ci mutuncin kowa ba.

A 28 ga Yuni 2011 a birnin Janeba, Majalisar Majami'u ta Duniya da ofishin Batikan mai kula da hulɗa da addinai da Ƙawancen Masu Bishara na Duniya suka fitar da takarda ɗaya a kan ladubban wa'azi. Ta ce duk sukar da za a yi wa wani addini a yi ta cikin girmama juna, a kiyayi shaidar zur, kada kuma a yi amfani da talauci ko rashin lafiyar mutum a ja shi zuwa addini. Waɗannan ƙungiyoyi uku sun ƙunshi mafi yawan Kiristan duniya.

Inda aka yi tuntuɓe

Magana zarar bunu ce, ko a bakin babba. Ranar 12 ga Satumba 2006, a wata lacca a jami'ar Regensburg ta ƙasar Jamus, Paparoma Benedikt na 16 ya kawo maganar wani sarkin Rumawa na ƙarni na 14 mai muni a kan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ran Musulmi ya ɓaci. Bayan kwana biyar ya nuna baƙin cikinsa, ya ce maganar ba ra'ayinsa ba ce, kuma a ƙarshen Nuwamba ya ziyarci babban masallacin Sarki Ahmad a Istanbul. Malaman Musulunci 38 suka amsa masa da wasiƙa mai hujjoji, a 2007 kuma malamai 138 suka aika wa shugabannin Kirista wata. Daga nan aka buɗe zaman tattaunawa. An mayar da magana da magana, aka ci riba.

Da wani fasto na wata ƙaramar majami'a a jihar Fulorida ta Amurka ya yi shelar zai ƙona Alƙur'ani a 2010, Batikan da Ƙawancen Masu Bishara sun la'anci niyyarsa. A 2023 marigayi Paparoma Faransis ya nuna fushinsa da ƙona Alƙur'ani da aka yi a ƙasar Suwidin.

Abin da ya faru a nan gida ya fi zama darasi. A Janairu 2015 jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi. Jaridar ba ta majami'a ba ce, ta sha yi wa Paparoma da addinin Kirista ba'a. Ranar 15 ga watan Paparoma Faransis ya gaya wa ƴan jarida cewa kisa da sunan Allah ɓata ne, kuma bai halatta a zagi addinin wani ko a yi masa ba'a ba. Washegari, 16 ga wata, aka ƙona majami'u a Damagaram. Ranar 17 wutar ta kai Yamai, inda ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45. Aƙalla mutum 10 suka mutu. An ɗora wa Kiristan Nijar laifin zanen da ba su yi ba, wanda addininsu ma ya hana. Wasu maƙwabta Musulmi sun ɓoye Kirista a gidajensu a waɗannan ranaku, su ne suka fitar da ƙasa kunya.

Abin da ya rage ga kowa

Nauyi na farko yana kan mai wa'azin Kirista, a majami'a ko a rediyo ko a wayar salula. Kafin ya ambaci addinin wani, ya tabbata ya san shi daga bakin masu shi, ya faɗe shi yadda malamansu za su ji su ce lalle haka suka gaskata. In ya wuce nan ya shiga ba'a, Littafinsa ne ya fara saɓa wa.

Nauyi na biyu yana kan mai saurare. Kirista da ya ce bai gaskata abin da Musulmi ya gaskata ba, bai yi zagi ba, kamar yadda Musulmi da ya ce Isa ba ɗan Allah ba ne bai yi zagi ba. In aka mayar da kowane saɓani zagi, babu wanda zai iya faɗin imaninsa. Alƙur'ani ma, a Suratul An'am aya ta 108, ya hana Musulmi zagin abin da wasu suke bauta wa.

Nauyi na uku yana kan ma'aikatan hukuma da sarakunan gargajiya da masu unguwa, waɗanda ake kai wa ƙara. Idan aka ce wane ya taɓa addini, kada a yanke hukunci da jita-jita. A nemi ainihin abin da aka faɗa da wanda ya ji da kunnensa. A duba ko bayanin imani ne ko cin mutunci. A kira liman da fasto tun wuta ba ta kama ba. Wanda ya yi laifi a kai shi gaban alƙali shi kaɗai, kada a haɗa da danginsa ko ɗakin ibadarsa.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana. Allah ya zaunar da ƙasar Nijar lafiya, amin.