Hutun Dusar Ƙanƙara: Ki Duba Yaron Kafin Ki Duba Hoton

Hutun zangon farko ya matso, na kuma san a wasu gidajen yara sun fara naci a kai su inda dusar ƙanƙara ke sauka. Idan Allah ya hore, babu laifi. Amma kafin maigida ya biya kuɗin jirgi, ki bari yaron da ya fi rauni a gidan ya zaɓa muku wuri, ba hoton da kika gani a Instagram ba.

Dusar ƙanƙara tudu take bi, ba sunan ƙasa ba. Wanda ya je Landan a Disamba, galibi ruwan sama zai tarar, da rana mai faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. A Turkiyya da Maroko kuwa, ƙanƙara ta fi zama sosai a Janairu da Fabrairu, lokacin da yaranmu sun koma makaranta. Mai son ganinta a Disamba sai ya hau tsauni, to a nan hankalina yake tashi a matsayina na ma'aikaciyar jinya.

Idan kina da mai sikila, ki karanta nan da kyau. Sanyi yana matse jijiyoyin jini. Iskar saman tsauni ba ta ƙosar da jiki kamar ta ƙasa, ga ta busasshiya, tana zuƙe ruwan jiki yaro bai ji ƙishi ba. Kowanne daga cikin ukun nan yana iya tayar da ciwon shi kaɗai, balle sun haɗu. Wurin wasan ƙanƙara na Oukaimeden, kusa da Marrakesh, yana kan tudu mai mita 2,600, na Erciyes da ke Kayseri kuma ya fara daga wajen mita 2,200. Irin waɗannan ki soke su gaba ɗaya. Sauran ma sai likitansa ya amince, kuma a tambaye shi kafin a sayi tikiti, ba daren tafiya ba. Mai asma shi ma iska mai sanyi tana shaƙe shi, don haka abin shaƙarsa ya zauna a jakar hannunki, a kuma rufe masa hanci da baki da mayafi.

Ga iyali masu ƙananan yara, ni Bursa na fi so. Jirgi yana tashi daga Abuja da Legas zuwa Istanbul, daga can tafiyar awa biyu zuwa uku ce. Ku kwana a cikin gari, inda akwai asibitoci da abincin halal, da safe ku hau ƙaramin keken da ke bin igiya a sama zuwa tsaunin Uludag, yara su yi wasa, ku sauko kafin la'asar. Wanda sanyi ya dama, an sauko da shi ke nan. Ifrane a Maroko ma haka take da birnin Fas, sai dai kada "ai Afirka ce" ta ruɗe ki: a can aka auna 23.9 ƙasa da sifiri a 1935.

Rovaniemi ta Finland, da ake ta tallarta, ban ba ki shawara ba idan kina da goyo. A ƙarshen Disamba hasken rana bai kai awa uku ba, sanyi kuma yana iya wuce 20 ƙasa da sifiri. Idan ɗanɗanawa kawai yara ke so, Ski Dubai ya wadatar: awa biyu a ciki, a fito a sha shayi.

Duk inda kuka zaɓa, sutura hawa uku ta fi ƙatuwar riga ɗaya, kuma kada ta jikin fata ta zama auduga, don tana riƙe gumi. Safar hannu ta jiƙe, a canza nan take. Yatsu suka yi fari suka daina ji, kada ki murza, kada ki kara su a hita. Ruwa mai ɗumi-ɗumi za ki sa su, sannan ku nemi asibiti. Inshorar lafiyar tafiya kuma ki karanta ta da kanki, domin da yawa ba sa biyan kuɗin ciwon da yaro ya zo da shi daga gida sai an bayyana shi tun wajen saye.