Taswirar da aka zana don mai, ta dace a buɗe wa masu neman ruwa

Ƙasar Borno, idan aka yanka ta kamar alkaki, hawa-hawa take: yashi, yumɓu, sai kuma yashi, shimfiɗa bisa shimfiɗa, waɗanda ruwa ya tara cikin miliyoyin shekaru a kwarin Tafkin Chadi. Ido ba ya kaiwa can. Masana kan aika girgiza cikin ƙasa, su naɗi amon da ke dawowa daga kowace shimfiɗa, su gwama shi da bayanan rijiyoyin da aka riga aka haƙa, sannan kwamfuta ta fitar da taswira mai tsawo da faɗi da zurfi. A jikinta ake ganin inda yashi ya yi kauri, inda ya sirance, da inda tsagewar dutse ta raba shi.

Najeriya ta daɗe tana kashe kuɗi a kan wannan aiki. Kamfanin NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a ɓangarenta na kwarin ba tare da samun man da zai biya wahala ba, alhali Nijar na haƙo nata a Agadem tun 2011. An kuma yi asarar rayuka: a Yulin 2017 ’yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken, ciki har da ma’aikatan Jami’ar Maiduguri, kwanton ɓauna a yankin Magumeri.

Sai dai rijiyar da ba ta ba da mai ba, ta ba da ilimi. Kafin bakin injin ya kai zurfin da ake zaton mai, sai ya ratsa shimfiɗun yashi uku da ke riƙe da ruwan Borno. A kewayen Maiduguri, ta tsakiya tana wajen mita 300, ta ƙasa kuwa ta haura mita 500. Daga irinsu ne a da ruwa ke bulbulowa da kansa a burtsatse, kafin ƙarfinsa ya ja baya. Duk da haka, mai haƙa wa gari rijiya a yau yakan dogara da ɗan awon da ya yi a saman ƙasa da labarin rijiyar maƙwabta, bayanan zurfi kuwa suna kulle a rumbun hukumomin mai.

Akwai uzurin da ake kawowa: bayanan nan haja ce mai tsada, kuma an auna su ne don zurfin mai, saboda haka ba sa nuna saman ƙasa sosai. Gaskiya ne, amma Holan ta warware matsalar farko da doka. A can, bayanan rijiya kan zama na jama’a bayan shekara 5, har manoma suka samu ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa suna ɗumama gidajen shuka da shi. Matsala ta biyu kuwa aikin jami’o’i ne, su cike giɓin da bayanan burtsatse.

Dokar man fetur ta 2021 ta ware kaso na musamman don neman mai a irin waɗannan kwaruruka. Tunda dukiyar jama’a ce, ya kamata majalisa ta gindaya sharaɗi: bayan wa’adi ƙayyadadde, hukumar NUPRC ta miƙa bayanan ga hukumomin ruwa na jihohi da jami’o’i kyauta. Ko an samu mai ko ba a samu ba, mutanen Monguno da Gubio za su ci gaba da buƙatar ruwa kowace safiya.