Waya Cike da Hotuna, Amma Ina Garinmu?

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan Suleja da kewaye da ke karatu a Minna, Lapai, Bida, Gwagwalada, Zariya da Kano. Yau ba maganar jarrabawa ko kuɗin makaranta na zo da ita ba. Maganar hoto ce. Na san wani zai ce duk matsalolin da ke gabanmu sai wannan? Ka dai yi haƙuri ka karanta, rubutun da ɗan tsawo.

Kowa ya buɗe galarin wayarsa yanzu ya duba. Me ke ciki? Fuskarka a ƙofar ɗakin lakca. Fuskarka ranar Juma'a da sabuwar shadda. Hoton allo da ka ɗauka saboda malam ya fi hannunka sauri. Takardun darasi da aka turo a guruf, sai tarin hotunan barkwanci da ba ka ma tuna wanda ya turo su ba. Wani yana da dubu biyu, wani dubu biyar. To a cikinsu guda nawa ne za ka nuna wa ɗanka nan da shekara 20 ka ce masa ga yadda garinmu yake a lokacin da nake ɗalibi?

Ni ina cikin mutanen nan da za ka ga sun tsaya a gefen hanya sun durƙusa suna ɗaukar hoton fure, ko sun ɗora wani ɗan dutse a tafin hannu suna juya shi a hasken rana. Na sha suna a kan haka. An ce min Bature, an ce min ɗan yawon buɗe ido, wani ma cewa ya yi alamar ƙoshi ce. Ba na jin haushi, amma ra'ayina shi ne wannan abin da ake gani kamar wasa yana cikin ayyuka masu amfani da ɗalibi zai iya yi da wayarsa ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Ga dalilina. Kyamarar mutanenmu sau biyu take fitowa daga aljihu: in za a ɗauki fuska, ko in masifa ta auku. Ka rubuta Madalla a Google ka duba hotuna, cikin abin da zai tarbe ka har da bom ɗin ranar Kirsimeti ta 2011. Ka rubuta Dikko, za ka ga hayaƙin tankar man da ta fashe a mahaɗar hanya a watan Janairun 2025, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Waɗannan abubuwa sun faru, ba wanda ya ce a ɓoye su. Amma Madallan nan a gindin Dutsen Zuma take, Dikkon nan kuma ita ce hanyar da ke kai ka Gurara. Wanda bai taɓa zuwa yankinmu ba, wuta da hayaƙi kawai ya sani, domin su muka fi ɗauka, su muka fi yaɗawa. In mu da muke bin hanyar duk semista ba mu ɗauki sauran ba, wa zai ɗauka?

Kuma garinmu ba gari ne da ke tsayawa wuri ɗaya ba. Ko sunansa ma ya canja. Abu Ja ne ya kafa shi a 1828 bayan sarautar Haɓen Zazzau ta baro Zariya, shi ya sa ake kiransa Abuja, shi ya sa har yau sarkinmu Sarkin Zazzau ne. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka bar wa birnin sunan, garinmu ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin jama'a ke kwararowa, musamman ma'aikatan da haya a Abuja ta fi ƙarfinsu. Filin da aka yi ƙwallo bara, bana shaguna ne. Tudun da kake hangowa daga bayan gida, yanzu kwanon rufi ya hau shi har wuya. Ka tambayi babanka ko kakarka hoton tsohuwar kasuwa, ko na bakin Iku kafin gidaje su matse shi, ko na Mayanka a zamanin ƙuruciyarsu. Da baki za su ba ka labari. Su suna da uzuri, a lokacinsu kyamara sai mai hoto, fim kuma da kuɗi. Mu fa?

Dubi Ladi Kwali. A nan garin ta yi aiki, a cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950, ta shiga a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Yau hotonta na bayan naira 20. Abin da ya sa muka san yadda take zama gaban tukunya, da irin zanen kadangaru da kifaye da take yi a jikinta, shi ne wasu sun ga abin ya isa a ɗauka sun ɗauka. A idon maƙwabta a lokacin, mace ce kawai tana gina tulu.

Bari in zo kan furanni, don a nan aka fi yi min dariya. Mu 'yan arewa mun san itace da 'ya'yansa da ganyensa da saƙe-saƙinsa, amma furensa ba ruwanmu. Kowa ya san daddawa, kowa ya san kalwa. Mutum nawa ne suka taɓa tsayawa ƙarƙashin ɗorawa a ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu zuwa Maris, suka ɗaga kai? Wasu jajayen ƙwallaye ne ke reto a dogayen igiyoyi kamar an rataya su da hannu don biki. Kuka fa, farin fure ne babba mai kallon ƙasa, da yamma yake buɗewa, jemagu su zo masa cikin dare, kafin wata yammar ya yi yaushi. In ba ka ɗauke shi da sassafe ba ka rasa. Furen kuɓewa rawaya ne mai jan ciki, yana bayan kowane hostal da ake ɗan shuka. Tumfafiya da muke rainawa a juji, matsa kusa ka ga fari da shunayya da aka jera mata. Bado a kududdufi da safe. Furen mangwaro lokacin hunturu, wanda ƙamshinsa kaɗai ke tuna min jarrabawar semistar farko.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wuta-wuta. A hoto ba abin da ya kai shi kyau, gona ta yi shunayya gaba ɗaya. Ka nuna wa manomi sai ya ɓata rai, don ya san a ƙarƙashin ƙasa saiwarsa ta kama ta dawa tana shanye ta. Hoto ɗaya, ɗan birni ya ce masha Allah, manomi ya ce innalillahi.

Kada a ɗauka itatuwan nan za su jira mu. Jihar Neja na cikin jihohin da suka fi yawan kaɗanya a ƙasar nan, amma duk mai bin hanyar Suleja zuwa Minna ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Daga wani wuri suka fito. Itacen da ka ɗauka a aji ɗaya, ba lallai ka same shi ba ranar da za ka gama.

Duwatsu kuma wani abokin ɗakina ne ya sa min sha'awarsu, ɗan sashen nazarin ƙasa da ma'adinai. Duk fitar da suka yi zuwa daji sai ya dawo da aljihu cike: farin dutsen ƙanƙara mai kusurwa shida kamar an fere shi, wani mai ɓarewa falle-falle yana ƙyalli, wani baƙi dogo mai layi-layi da ya ce tomalin ne. Daga wurinsa na san cewa ƙasar nan tana da duwatsu masu daraja fiye da yadda muke zato. Akwai shuɗin yaƙutu a tsaunin Mambila a Taraba, akwai zumurrudu a wajen Gwantu a kudancin Kaduna da Nasarawa Eggon, akwai tomalin da akwamarin a yankin Keffi. Da yawansu ɗanye ake fitar da su, a kai irin su Bankok a ƙasar Tailan a yanka a goge, su koma zobe a hannun wanda bai taɓa jin sunan ƙauyen ba. Yaron da ya shiga rami ya haƙo shi ko hotonsa ba shi da shi.

Ba sai ka je rami ba ma. Ka roƙi kakarka ta buɗe maka tsohuwar adakarta. Murjani, tsakiya, aƙiƙ, duwatsun wuyan Bida da aka yi mata lefe da su. Ranar da ta faɗi, rabon gado zai watsa su, wasu a sayar, wasu yara su tsinka. Ka shimfiɗa su a farin ƙyalle ka ɗauka, ka tambaye ta sunan kowanne da wanda ya ba ta, ka rubuta. Wallahi hirar da za ku yi a wannan zaman ta fi hoton daraja.

Abu ɗaya dai, dutsen ramin zinare ba abin kai wa ɗaki ba ne, balle a daka shi. Gubar dalma da ke cikin irinsa ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ta sake kashe wasu a ƙaramar hukumar Rafi a jiharmu a 2015.

Masu cewa sai da babbar waya, ba haka ba ne. Ka goge gilashin kyamara da bakin riga, rabin matsalar ta tafi. Ka ɗauka da safe ko bayan la'asar, ranar tsaka tana ƙona launi. Kada ka jawo hoto da yatsa, ka taka da ƙafarka ka matsa. Dutse kuma ka ɗora shi a farar takarda kusa da taga, ka ɗan jiƙa shi da ruwa launinsa ya fito, ka ajiye wani abu a gefensa don a gane girmansa. Turawa kwabo suke sawa, mu da kwabo ya zama tarihi sai murfin biro. Zuma kuwa kada ka wahalar da kanka da shi cikin hazo, sai ka rantse an ɗauke shi. Ka bari sai an ɗauke ruwan sama da damina, jikinsa ya yi baƙi, ruwa na gangarowa, fuskar nan da ake faɗa ta fito sosai. Kowa ya san shi a bayan tsohuwar naira 100, amma na takarda gefe ɗaya ne kullum, kuma har yau akwai masu zaton a cikin Abuja yake alhali a Neja yake. Gurara ita ma kala biyu ce: da damina jan ruwa ne mai ruri yana faɗowa daga tsayin kimanin mita 30, da rani ya ja baya ya yi garau har duwatsun su bayyana. Wanda ya je sau ɗaya rabi ya gani.

Akwai masu ƙorafin da nake ganin suna da gaskiya, wato masu maganar tsaro. Zamanin da muke ciki ba na ɗaga waya ko'ina ba ne. Kada ka ɗauki shingen jami'an tsaro ko bariki. Kada ka sa hoto kana kan hanyar Kaduna ko ta Minna kana faɗin inda kake, bari sai ka sauka lafiya. Kada ka nuna wurin da ake haƙar ma'adinai, kuma ka sani waya tana iya liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi in ba ka kashe wannan a saiti ba. Mutane kuma, musamman mata a ƙauye da 'yan talla, ba furanni ba ne, a nemi izininsu. Su kuma 'yan uwa da ke kaffa-kaffa da hoton mai rai saboda saɓanin malamai, ai ku ne ma kuka fi dacewa da wannan, tunda a kan itace da dutse da kogi ba a yi wannan saɓanin ba.

Inda muka fi yin asara shi ne wajen ajiya. Sitatus awa 24 ne ya ɓace. WhatsApp yana matse hoto har ya lalace, in kana son ya isa da kyansa ka tura shi a matsayin fayil. Waya kuwa kowa a nan ya san wanda aka zare wa tasa a wurin caji ko a tasha, shekara huɗu ta tafi a dare ɗaya. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, ranar da ka samu intanet na banza ka tura masu muhimmanci can. Sannan hoton da ba suna ba kwanan wata maraya ne, bayan shekara biyar kai kanka ba za ka tuna ko a Lambata ka ɗauka ko a Paiko ba. Layi ɗaya ya isa: mene ne, a ina, yaushe, da wa kake tare. In fure ne ka tambayi abokan ajinka sunansa da Gbagyi da Nufanci ka haɗa da na Hausa, za ka sha mamakin yadda za a yi ta gardama a ɗaki har dare.

Ni abin da nake yi, ƙarshen kowace semista in zaɓi guda 20 in kai situdiyo a wanke min a takarda, in rubuta bayani a bayansu, in ba Hajiyarmu ta sa a akwatinta tare da takardun haihuwarmu. Na wannan karon akwai furen ɗorawa biyu, da murjanin kakata, da Zuma daga tagar motar haya da gilashinta ya tsage. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan karɓo su.