A Nemi Madugu Kafin a Ɗaura Kaya: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Shirya Wasan Labari a Bimbila, Salaga, Yandi da Bawku



Ƙannena. Tun da aka ji cewa na taɓa buga ɗan littafin wasa, ban huta da tambaya ba. Wannan ya ce nawa ne kuɗin bugu, wancan ya ce a takarda ya fi ko a waya. Na ga gara in amsa wa kowa a wuri guda, tunda abin da zan gaya wa mutumin Bawku shi zan gaya wa na Salaga.

Saboda iyayenmu da wasiƙar za ta iya faɗawa hannunsu, bari in fara da bayanin wasan. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi. Mai riƙe da labari ya ce: "Kun iso bakin kogi, ruwa ya kawo, mai fito ya ce sai an ninka masa kuɗi, ga rana tana shirin faɗuwa. Yaya za ku yi?" Wani ya ce zai taya, wani ya ce a kwana a nan, wani ya ce shi dai zai bi gaɓa ya nemi mashigi. In abin na sa'a ne, a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Tatsuniya ce da masu saurare suke da ta cewa a cikinta. A nawa wasan, na ɗora labarin a kan ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, ta Yandi har Salaga, shi ya sa na kira mai riƙe da labarin madugu. Sunan ya zauna, da shi zan ci gaba.

A Amurka aka fara sayar da irin wannan wasa. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons, 'yan littattafai 3 a cikin kwali, dala 10. Kwafi 1,000 suka buga, kuma sai da aka ɗauki watanni masu yawa kafin su ƙare. Ku riƙe wannan: a ƙasar da ke da gidan waya mai kai kaya har ƙofa, da shagunan kayan wasa, da mutanen da suka riga suka saba da wasan yaƙi na kan tebur, kwafi dubu bai tashi a dare ɗaya ba.

Ni ban riƙe ba. Na kai aikina wata maɗaba'a a Tamale, mai wurin ya buga mini lissafi cewa in na yi 200 kowane kwafi zai fi sauƙi a kan in yi 50. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar aljihunsa. Na biya, na ɗoro kwalaye biyu a mota, muna tafe ina lissafin riba tun daga Yandi har gida. Da na buɗe kwali sai na tarar duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke, ɗan akwati ne ya fito a gurbinsu, don kwamfutarsu ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Kwana uku ina bi da biro ina gyarawa. Wannan ma mai sauƙi ne, maganinsa ku kai aikin a PDF, ku kuma ce a buga muku kwafi ɗaya ku karanta tun daga bango har bango kafin a kunna inji. Babbar asarar tana gaba: shekara ta zagayo ko 40 ban sayar ba. Sauran damina ta sa musu laima, gara ta ci rabonta.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga inda na yi kuskuren lissafi. Na ƙirga yaran da suke son wasan, na ɗauka su ne masu saye. Alhali a zama guda na mutum biyar, littafi ɗaya ake buƙata, na hannun madugu. Sauran huɗun bakinsu kawai suke kawowa. In kuna da mutum 100 masu sha'awa a Bimbila, kasuwarku ta mutum 20 ce, in ma kowane zama ya sami wanda ya iya jan labari. To samun wannan mutumin shi ne aikin. Mai karanta littafin soyayya ba ya buƙatar kowa ya koya masa, ya buɗe ya shiga. Littafin wasa kuwa, in babu wanda ya taɓa zama aka ja shi, ya ga yadda ake yi, to in ya saya ma zai duba shafi biyu ya ga ƙa'idoji ya ajiye. Don haka shawarata ta farko, wadda sauran duk rassanta ne: ku yi madugai kafin ku yi littafi. Ku ja wasan da kanku a ƙofar gida, a shagon tela, a wurin mai shayi, da ɗaliban kwalejin horon malamai ta nan Bimbila ranar da babu darasi. Duk zama ku lura da wanda bakinsa ke ƙaiƙayi, wanda ke cewa "da ni ne da ba haka zan juya labarin ba". Ku miƙa masa takardar ku ce bismilla. Shi ne mai sayen littafinku, shi ne kuma dillalinku.

Mutanen NIBCARD Games a Abuja sun gane haka. Bayan ƙera wasanni, sun buɗe wurin da ake zuwa a zauna a buga, suna kuma shirya taron masu wasannin tebur. A 2021 aka ba su lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake ji da ita a wannan sana'a.

In madugai sun samu, sai maganar takarda. Ku buga kaɗan. Takarda daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala, kuma duk wanda ya ga abin da ya sami sidi, kuɗinmu na Gana, a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, ya san ba a binne jari a kwali. Farar takarda a naɗe biyu, a danne da ƙusar littafi, bango mai ɗan kauri, shafi 24 ko 32, ya isa. Mai hoton takardu na cikin gari zai iya yi muku 20 yau, in sun ƙare ya ƙara 20. Ranar da kuka ga ana yi muku waya ana nema kafin ku buga, a lokacin ne za ku fara tunanin manyan injinan Asafo a Kumasi ko na New Town a Akra. Ku kuma duba lokaci: kuɗi na shiga hannun mutanenmu ne bayan an haƙe doya, da kuma gab da salla.

Sai ku yi hattara da ajiye kaya a shago a kan "in an sayar a biya". Marubutan Kano sun daɗe suna kuka da wannan tsakaninsu da 'yan kasuwar littafi. Kada ku ɗauka ƙaramin mutum kaɗai yake kayarwa. Kamfanin TSR, mai Dungeons & Dragons ɗin kansa, ya yi ta tura kaya ga dillalin littattafansa, kamfanin Random House, yana karɓar kuɗi tun ba a sayar ba. A 1996 aka dawo masa da tulin abin da ya yi kwantai, ya kasa biyan maɗaba'a, a 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi. In za ku bar kaya a Yandi ko Bawku, ku bar 5 a hannun madugun da kuka sani, ya fi 50 a kantin da mai shi bai san abin da ke ciki ba.

Yanzu waya. Na san abin da ke ranku: babu kuɗin bugu, babu kuɗin mota, babu gara. Haka ne. Amma ku sani, duk fayil ɗin da kuka tura wa mutum ɗaya a WhatsApp, kun tura wa zango gaba ɗaya. Ni na sayar wa wani yaro da azahar, kafin isha wani abokina a Kumasi ya turo mini shi yana cewa, "Malam, ka ga wani wasa mai kyau." Na rasa dariya zan yi ko kuka. Kada ku ɓata ƙarfinku wajen toshe wannan rami. Wizards of the Coast, da duk lauyoyinsa, ya janye littattafansa na PDF daga kasuwa a 2009 saboda masu kwafa, kwafa ba ta tsaya ba, a 2013 ya dawo da su. Mu nan ma ba yau muka saba ba. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Krachi a 1934, da kwafin hannu suka zaga zanguna, almajiri ya ara ya juya ya mayar. Mutanen da suka gaji ilmi ta wannan hanya ba za su ga tura fayil a matsayin sata ba, ko da dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta ce sata ce.

Tunda zai yaɗu, ku sa shi ya yi muku aiki. Ku saki ƙa'idojin wasan da labari ɗaya kyauta, da sunanku da yadda za a same ku a kowane shafi. Abin da za ku sayar shi ne ci gaban: sabon zango a kan hanyar ayari, sabuwar matsala, duk mako ko duk wata. Marubutan littattafan Hausa mata sun riga ku gano wannan, suna buɗe zaure a WhatsApp, wanda ya biya a saka shi, ana zuba masa shafuka suna fitowa. Mai kwafa kullum yana baya, madugun da jama'arsa ke jiransa ranar Asabar kuwa ba zai jira ba. MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya sauƙaƙa karɓar kuɗi, harajin da aka ɗora wa tura kuɗi a 2022 ma an soke shi a 2025. Wanda ya sayi na takarda ku ba shi na waya gyara. Ku tsara fayil ɗin don fuskar waya, rubutu manya, hoto kaɗan, kada ya cinye wa mutum data. Lambobin masu sayenku kuma ku rubuta su a littafi. OkadaBooks, kasuwar littattafan waya ta Najeriya, ta rufe a 2023 bayan shekara 10, duk wanda ya jingina da ita kaɗai sai da ya sake sabon lale.

Kasuwar waje ba zan hana ku mafarkinta ba, amma ku san tsayin katangar. DriveThruRPG, babbar kasuwar irin waɗannan littattafai a intanet, tana cire kashi 30 zuwa 35 cikin 100. Kickstarter ba ta buɗe wa mazaunin Gana ko Najeriya ƙofar neman tallafi, PayPal kuma shekara da shekaru ba ta buɗe wa Gana hanyar karɓar kuɗi ba. Allan Cudicio, mai jinin Gana da Italiya, ya raba littafin The Wagadu Chronicles kyauta, ya kuma sami tallafi a Kickstarter a 2020, amma daga Balin ya yi.

Akwai wata matsala tamu ta kanmu. Hausa ce harshen zango da kasuwa, amma ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana ke buga littattafai da su. Yaronmu yana jin Hausa kamar ruwa, a miƙa masa ita a rubuce ya tsaya yana haɗa baƙi, don da Turanci da Dagbanci ko Larabci ya koyi karatu. Saboda haka ku haɗa kowane littafi da saƙon murya mai bayanin wasan. Ku rubuta da Hausar da za a gane a Kano, amma in mutumin cikin labari ɗan zango ne ku bar shi ya yi irin maganarsa.

Ɗan ludo kuma, kada ku raina maganarsa. Akwai hadisi a kan wasan nardu, kuma malamai da yawa suna ƙyamar duk abin da ake jefawa ya yi kama da caca. Wani dattijo ya taɓa tarar da mu, bai ce uffan ba, ya kama hannun ɗansa suka wuce, yaron bai sake dawowa ba. Tun daga ranar na koma 'yan takardu masu lamba a cikin hula, a sa hannu a zaro. Na kuma je har zaure na yi wa liman bayani kafin wani ya riga ni. Ko kobo kada ya hau tabarmar wasa, in an kira salla a tashi. A Amurka ma iyaye sun tayar da ƙura a shekarun 1980, har TSR ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Mai sayar wa 'ya'yan mutane kaya, da iyayensu yake ciniki.

Abu na ƙarshe, ina roƙonku da girman Allah: kada ku gina wasa a kan rikicin sarauta ko na ƙabila. Mun san abin da rikicin ƙabilanci na 1994 ya yi mana, mun san daren dokar hana fita a Bimbila da Bawku. Wasan da yaro zai ce "ni ne wane, na kashe wane" ba a nan ba. Ga hanyar goro da kuɗin fito da rijiyoyin Salaga, ga Gizo da Ƙoƙi, labari ba zai ƙare muku ba.

Duk wanda ya rubuta nasa, kada ya je maɗaba'a tukuna. Ya ja shi sau goma da mutane daban-daban, sannan ya ba wani ya ja yana gefe bai ce komai ba. In ya ratso ta Bimbila ya zo da takardunsa mu gwada, tabarma tana nan. Ragowar nawa da gara ta bari ma suna cikin kwali, mai so ya ɗauka kyauta.

Wassalam. Naku, yayanku a Bimbila.